Shin Akwai Sauran Inda Ba A Taka Ba A Duwatsun Yosemiti?

A Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wani kwari da a ke kira Yosemiti. Tsawonsa wajen mil 7 ne kacal, amma duwatsun da suka yi masa katanga dama da hagu sun sa sunansa ya game duniya. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne El Kapitan, wani falalen dutse da ke tsaye cak kamar bangon ɗaki, wanda tsayinsa daga gindi zuwa ƙwanƙoli ya kai ƙafa 3,000, watau wajen mita 900. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin dutsen Zuma ya ɗaga kansa sama ya sami abin kwatance, ko da ya ke El Kapitan ya ɗara Zuma tsayi.

Mutane wajen miliyan 4 ne ke ziyartar gandun Yosemiti kowace shekara. Galibinsu kallo ke kai su, su ɗauki hoto su koma gida. Amma akwai waɗansu da kan zo da igiyoyi da ƙarafa da guzurin kwana da kwanaki, domin su hau fuskokin duwatsun nan. Yau fiye da shekara 60 ke nan ana wannan aiki ba hutawa, har ta kai hanyoyin da aka fitar a jikin El Kapitan kaɗai sun haura 100, na kwarin duka kuwa sun wuce 1,000. Saboda haka ne a ke yawan jin wata tambaya a bakin samarin da ke tasowa cikin wannan wasa: shin na gaba sun rage wa na baya wani abu kuwa, ko dai sun cinye sun siɗe?

ABIN DA A KE KIRA HANYA

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da masu hawan dutse ke nufi da hanya. Isa ƙwanƙolin El Kapitan ba wani abin alfahari ba ne, gama ta bayan dutsen akwai turba wadda duk mai lafiyar ƙafa zai iya bi ya kai sama cikin yini guda, ba igiya ba komai. Abin da a ke takara a kansa shi ne fuskar dutsen, watau ɓangaren nan da ke tsaye.

Hanya ita ce layin da mutum ya bi a wannan fuska tun daga ƙasa har sama, yana bin tsage-tsagen dutse da 'yan wuraren da yatsa ko bakin takalmi zai iya kamawa. A kan raba ta zango-zango, kowane zango gwargwadon tsawon igiya. Mutum ɗaya ya yi gaba yana kafa ƙarafan da zai saƙala igiya, ɗan'uwansa na ƙasa yana riƙe da ita don ya tare shi in ya suɓuce. Wanda ya fara bin hanya shi ke raɗa mata suna, shi ke faɗin iyakar wuyarta, kuma sunansa ne a ke rubutawa cikin littattafan jagora da mujallar ƙungiyar masu hawan dutse ta Amurka, wadda a ke bugawa tun 1929. Ba kofi a ke bayarwa ba, ba kuɗi. Sunan nan shi ne ladan, kuma sau ɗaya a ke samunsa a kowace hanya.

WAƊANDA SUKA RIGA KOWA

Tun cikin shekarun 1860 aka fara yanke wa duwatsun Yosemiti hukunci. Josiah Whitney, babban masanin duwatsu na Jihar Kalifoniya, ya dubi wani dutse da Turawa ke kira Half Dome, saboda ya yi kama da ƙwaryar da aka kife aka tsaga biyu, ya rubuta cewa ƙafar ɗan Adam ba za ta taɓa taka kansa ba. Ba a daɗe ba, cikin watan Oktoba na 1875, wani haifaffen Sikotlan mai suna George Anderson ya bi ta kafaɗar dutsen yana huda shi yana kafa ƙarafa, ya taka wannan ya kafa na gaba, har ya isa sama.

Manyan fuskokin kuwa sai da aka ƙara shekara 80 da ɗoriya kafin a taɓa su. Cikin 1957 Royal Robbins da abokansa biyu suka hau tsayayyar fuskar Half Dome cikin kwana 5. Warren Harding, wanda shi ma ya ƙwallafa rai a kanta, da ya ga an riga shi sai ya juya kan El Kapitan. Ya zaɓi wani ƙugu da ya turo a tsakiyar dutsen, wanda a ke kira Nose, watau Hanci. Shi da mutanensa suka riƙa hawa suna ɗaura igiyoyi suna saukowa, su huta, su koma. Taron 'yan kallo ya riƙa toshe titin kwarin, har hukumar gandu ta hana su aiki a lokacin da baƙi suka fi yawa. Sai da safiyar ran 12 ga Nuwamba, 1958, Harding da Wayne Merry da George Whitmore suka fito sama, bayan aikin kwana 47 da ya warwatsu cikin fiye da shekara guda.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin 1961 Robbins da Chuck Pratt da Tom Frost suka fitar da hanyar Salathe ta hagun Hanci. Cikin 1964 su ukun tare da Yvon Chouinard suka hau ta dama, inda wani baƙin tabo a jikin dutsen ya yi kama da taswirar Amurka ta Arewa. Mutanen nan tsaga su ke bi, domin tsaga ita ce matakalar da Allah ya halitta a jikin dutse. Da ya ke kuwa manyan tsage-tsagen ƙidayayyu ne, kafin shekarun 1960 su ƙare har an fara cewa masu kyan sun ƙare.

RIGIMAR ƘUSA

Abin da ya rage tsakanin tsaga da tsaga shi ne sumul ɗin dutse, kuma a kansa rigima ta tashi. Ƙusa iri biyu masu hawa ke amfani da ita a wancan zamani. Ta farko a cikin tsaga a ke buga ta, na baya ya zo ya cire. Ta biyu kuwa sai an huda dutsen da ƙarfe da guduma sa'an nan a dasa ta, ta zauna nan har abada. Da irin ta biyun babu bangon da zai gagari mai haƙuri, tun da in ya rasa abin kamawa sai ya huda ya rataya. Harding ya dasa wajen 125 a Hanci. Su Robbins kuwa 13 kacal suka dasa a Salathe, kuma da gangan suka taƙaita. A ganinsu, duk wurin da mutum ya kasa wucewa sai da huji, kamata ya yi ya sauko ya bar shi ga wanda zai zo nan gaba da ya fi shi gwaninta.

Cikin 1970 Harding da Dean Caldwell suka tasar wa wani sashe mai sulɓi a dama da Hanci, wanda hasken rana ke fara sauka a kansa da safe, shi ya sa a ke kiransa Bangon Alfijir. Sun kwana 27 a jikin dutsen ba su sauko ba. Da hadari ya ritsa da su hukumar gandu ta shirya ceto, suka aiko da amsa cewa ba su bukata. Suka fito sama suka tarar da 'yan jarida jingim, amma sun bar huji fiye da 300 a bayansu. Abin ya ɓata wa Robbins rai ƙwarai. A farkon 1971 ya ɗauki abokinsa Don Lauria suka bi hanyar da niyyar sare ƙusoshin duka. Sun fara saran ke nan, sai Robbins ya ga cewa tsakanin huji da huji akwai wurare masu tsananin wuya waɗanda sai gwani zai wuce su. Sai ya ajiye saran, suka ƙarasa hawan.

Na 1982 ya fi wannan muni. Waɗansu samari biyu baƙi, Richard Jensen da Mark Smith, suka zo fitar da hanya a wani sumul ɗin wuri ta hagun El Kapitan. Tsofaffin 'yan kwarin suka ce ai tsanin ƙusa kawai yaran nan ke kafawa. Da dare waɗansu suka je suka sauke musu igiyoyi, suka sare ƙusoshin da suka dasa, har suka ɓata musu kaya da ƙazanta. Samarin suka daure suka sake farawa, suka kwana 39 a jikin dutsen kafin su gama. Kusan shekara 30 ana yi musu kallon maɓarnata. Sai cikin 2011 Ammon McNeely da Kait Barber suka maimaita hanyar, suka tabbatar cewa tana da wuya da hatsari ƙwarai, gama a wurare da yawa kan 'yan ƙugiyoyi da aka saƙala a ɓarɓashin dutse mutum ke rataya.

IN KIƊA YA SAUYA

Duk hawan da aka ambata a sama da taimakon ƙarafa aka yi shi, watau mutum ya kafa ƙusa, ya rataya ɗan tsanin igiya, ya taka. Amma akwai wata ƙa'ida da ta fi wannan tsanani, inda ba a yarda mutum ya ɗora nauyinsa a kan komai ba sai dutsen kansa. Hannu da ƙafa ne kawai za su ɗaga shi, igiya kuwa aikinta ta tare shi in ya faɗo. Da masu hawa suka fara auna El Kapitan da wannan ma'auni, sai tsofaffin hanyoyi suka koma sababbi fil, domin a bisa wannan sharaɗi babu wanda ya taɓa hawansu.

Cikin 1988 Todd Skinner da Paul Piana suka hau Salathe ta wannan hanya. Hanci kuwa ya gagari maza shekara da shekaru, sai cikin 1993 wata mace, Lynn Hill, ta hau shi, ta kuma dawo cikin 1994 ta maimaita cikin awa 23. Wani abin mamaki shi ne, tabon da ƙusoshin mutanen dā suka bari a cikin tsaga, saboda yawan bugawa da cirewa, shi ne a wurare da dama ya zama inda yatsa ke samun shiga. Ɓarnar na gaba ta zama matakalar na baya.

Bangon Alfijir shi ne kowa ya ɗauka ba zai yiwu ba, saboda sulɓinsa. Tommy Caldwell, wanda zarto ya guntule masa manunin yatsa na hagu cikin 2001, ya shafe wajen shekara 7 yana saukowa da igiya daga sama, yana lalube, yana neman 'yan kaifafan wuraren da ba su fi kaurin ɗan kwabo ba, yana haɗa wannan da wancan har layi ya fito. Ran 27 ga Disamba, 2014, shi da Kevin Jorgeson suka fara hawa daga ƙasa. A zango na 15 Jorgeson ya maƙale har kwana 7, fatar yatsunsa ta tsattsage, sai a gwaji na 11 ya wuce. Suka gama zango 32 ran 14 ga Janairu, 2015, bayan kwana 19. Cikin 2016 Adam Ondra, mutumin ƙasar Cek, ya maimaita cikin kwana 8.

Waɗansu kuma suka nemi fifiko ta wata fuska. Hancin da ya ci kwana 47, cikin 1975 Jim Bridwell da John Long da Billy Westbay suka hau shi cikin yini guda, cikin 2018 kuma Caldwell da Alex Honnold suka hau shi cikin ƙasa da awa 2. Ran 3 ga Yuni, 2017, Honnold ya hau El Kapitan shi kaɗai ba tare da igiya ba sam, cikin awa 3 da minti 56. Cikin 2024 Barbara Zangerl, 'yar ƙasar Ostiriya, ta bi wannan hanya da igiya a gwajinta na farko, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, abin da ba wanda ya taɓa yi a dutsen kafin ita.

DUTSEN MA BA A ZAUNE YA KE BA

Akwai kuma wani abu da a kan manta da shi, watau shi kansa dutsen yana sauyawa. Duwatsun Yosemiti ɓawo-ɓawo su ke kamar albasa. Zafin rana ya buɗa tsaga, sanyin dare ya matse ta, ruwa ya shiga ya daskare ya ƙara buɗa ta, har wata rana ɓawon ya ɓalle. Hukumar gandu tana da labarin ruftowar dutse fiye da 1,000 cikin shekara 150.

Cikin watan Yuli na 2015 wani falale mai tsawon wajen ƙafa 200 ya ɓalle daga tsakiyar hanyar nan ta Half Dome da su Robbins suka fitar cikin 1957. Ba wanda ya ji rauni. Waɗansu masu hawa ne suka iso wurin suka tarar babu abin da littafi ya ce za su taka, sai sabon dutse fari tas. Dole aka sake neman mafita a wurin. Ran 27 ga Satumba, 2017, wani ɓangare ya rufto daga gabashin El Kapitan ya kashe wani Bature ɗan Birtaniya, ya raunata matarsa, washegari kuma wanda ya fi shi girma ya biyo baya. Kowace ruftowa ta kan bar fuskar da hannu bai taɓa shafa ba, sai dai ba mai hankalin da ke gaggawar zuwa wurin, domin inda dutse ya ɓalle jiya yana iya ɓallewa gobe.

TO, INA SAURAN YA KE?

Idan aka tattara bayanin, sauran ya kasu uku. Na farko shi ne tsofaffin hanyoyin ƙusa waɗanda har yanzu ba wanda ya hau su da hannu da ƙafa zalla. A El Kapitan su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, kuma kowace ɗaya tana iya cin shekarun mutum. Na biyu shi ne 'yan siraran filayen da suka rage tsakanin hanya da hanya. Waɗannan su ne suka fi jawo gardama, gama sau da yawa sabuwar hanyar sai ta ari zango daga maƙwabtanta, ko kuwa ta sha huji. Na uku shi ne duwatsun nesa. Kwarin da kowa ke tururuwa zuwa cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na gandun ba, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in mil 1,200. A can cikin daji akwai bangaye waɗanda sai mutum ya yi tafiyar yini ɗaya ko biyu da kaya a baya kafin ya isa gindinsu, kuma wannan tafiya ita ce ta tsare su. Ko a can ma ba a cika bugun ƙirji ba, domin ya sha faruwa mutum ya hau yana murna shi ne na farko, ya kai tsakiya ya iske tsohuwar ƙusa mai tsatsa wadda wani ya bari bai rubuta ko'ina ba.

Doka ma tana da bakin magana. Cikin 1984 Majalisar Dokokin Amurka ta sa wajen kashi 95 cikin 100 na gandun cikin dajin da ba a yarda a yi aiki da inji a cikinsa ba, kuma manyan bangayen suna ciki. Saboda haka duk mai son dasa ƙusa sai ya huda da hannu, huji ɗaya kuwa a irin wannan dutse mai tauri ya kan ci minti 20 ko fiye. Wahalar nan ita ce linzamin da ya hana a cika dutsen da ƙarfe. Har ila yau a kan rufe waɗansu sassa daga Maris zuwa tsakiyar Yuli saboda wani irin shaho da ke sheƙa a wurin, wanda ya ɓace daga kwarin shekaru da yawa kafin masu hawa su sake ganin sheƙarsa a El Kapitan cikin 1978. Tun 2021 kuma mai son kwana a jikin dutse sai ya karɓi takardar izini. Cikin 2023 hukumar gandaye ta kawo shawarar ɗaukar ƙusar huji a matsayin abin da doka ta hana a irin waɗannan dazuzzuka sai da izini na musamman. Masu hawa suka yi ca, aka janye shawarar a ƙarshen 2024, sa'an nan cikin Janairu na 2025 aka sa hannu a wata doka da ta amince da dasa ƙusar gwargwadon bukata.

Ashe ke nan amsar tambayar ita ce akwai saura, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da ya ƙare shi ne na araha, watau irin tsagar da mutum zai hango daga titi ya hau ta cikin mako guda ya raɗa mata suna. Wanda ya zo yau sai ya biya da ɗayan uku: ko shekarunsa, ko doguwar tafiya, ko kasada da ransa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Gardamar da ke tsakanin Harding da Robbins kuwa ba ta mutu da su ba, ko da ya ke Harding ya rasu cikin 2002, Robbins kuma cikin 2017. Hujin da aka yi a dutse ba ya warkewa, kuma duk filin da aka cika da ƙusa yau an raba na gobe da shi ke nan. A 1970 ba wanda ya yi tsammanin yatsun ɗan Adam za su riƙe Bangon Alfijir, amma bayan shekara 45 suka riƙe shi. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin tsofaffin masu hawa ke gargaɗin samari cewa in sun iske wurin da ya fi ƙarfinsu, su naɗe igiyarsu su sauko, su bar shi yadda suka same shi.